Kwandon Rumasa'u

Kai, tsofaffin nan namu sai dai a bar su! Akwai wani dattijo maƙwabcinmu a Maigatari, Malam Jatau, shekararsa tamanin da bakwai, har yau da haƙorinsa yake gwaguyar goruba. Kwanakin baya jiri ya ɗebe shi, aka kai shi asibiti aka auna jini, aka ba shi ƙwayoyi, ya dawo gida ras. Ba a yi kwana uku ba sai ga jikarsa Rumasa'u ta sauka daga Gboko, can Kudu, inda aka haife ta. Ta yo masa tsaraba kwando guda shaƙe da abarba da lemo da ayaba, har da gwanda, ta dire a gabansa tana ta murna.

Abin da baiwar Allah ba ta sani ba, su Malam Jatau da aduwa da kanya da magarya suka tashi. A zamaninsu ba a ganin lemo da ayaba a garin nan sai a gefen gadon majinyaci, shi ma sai wanda jikinsa ya yi tsanani. Tsoho na ganin kwandon nan sai jikinsa ya yi sanyi, wallahi har tausayi ya ba ni. Ya ajiye carbi, ya dubi kwando, ya dubi yarinya.

Ya ce, "Amarya, ki ji tsoron Allah ki gaya mini gaskiya. Me likitan nan ya faɗa wa ubanki a waya?"

Ta ce, "Wane likita kuma, angona? Tsaraba ce fa na kawo maka."

"Tsaraba? Tun yaushe aka fara yi wa mai lafiya tsarabar abarba? Yayana Barau sau ɗaya ya ga abarba a duniya, ranar Talata. Ranar Juma'a muka kai shi makwancinsa. Ku kira mini liman in yi wasiyya tun bakina na motsi."

Yarinya ta yi rantsuwa har ta gaji. Ta ɓare ayaba ta cinye a gabansa, ya ce ai masu jinya dama su ke cinye kayan dubiya. Ta yanka abarba ta miƙa masa, ya kau da kai, ya matse baki kamar yaron da za a ɗura wa magani. Mu da muka shigo gaisuwa muna ta danne dariya, ita kuwa har idonta ya kawo ruwa, don kwana biyu ta yi a mota tana rungume da kwandon nan.

Can dai ta share ido ta ce, "Haba Kaka, zamani ya canza! Yanzu likitoci cewa suke kowa ya riƙa shan kayan marmari kullum, ƙarin lafiya ne da tsawon rai. Mu a can a tsakar gida mangwaro ke zuba, babu mai ɗagawa. Awakinmu ma shi suke ci safe da yamma har su ƙoshi."

Tsoho ya gyara zama, ya ture kwandon da sandarsa, ya ce, "Madalla. To a cikin awakin naku, wacce ce ta taɓa ganin Sallah uku?"