Nomau da Naman Layya

A Tungar Bagaruwa akwai wani mutum ana kiransa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ce ni na ce. Shi dai yadda magana ta fito daga baki haka yake haɗiye ta, ba ya tacewa. Yana zaune da matarsa Kande da 'yarsu tilo Lantana a gidan yayansa Alhaji Sanda, wanda yake ciyar da kowa. Alhaji ya daɗe yana cewa makarantar nan wasan yara ce, da an gama Babbar Sallah zai cire Lantana ya ɗora mata tallan goro. Nomau ya kafe. Shi bai taɓa zama a aji ba, don haka ya rantse duk abin da Malama Rakiya ta sa yara, shi zai yi da hannunsa, yayansa ya ga amfanin karatu.

Wata rana, Sallah ta matso, Malama ta ce kowane yaro ya zo da abin Sallah za a koyi awo. Wasu suka kawo dabino, wasu cincin. Sai ga Nomau ya jawo ragon layyar Alhaji har cikin aji. Rago ya banke benci, ya cinye waken da yara suka shuka a gwangwani, ya kama taswirar bango yana tauna.

"Malam Nomau, wannan fa?"

"Abin Sallah kika ce, Malama. A nuna mini wanda ya fi wannan."

Malama ba ta yarda a ga gazawarta ba. Ta miƙa wa yara igiya da rula, suka auna cikin rago da ƙahonsa. A gida Alhaji ya yi ta sababi, Nomau ya ce, "Yaya, ai ƙaruwa ka yi. Da ka san tsawonsa?"

Wata rana kuma aka ce yara su gwada kayan gida a ruwa, a ga mai tasowa da mai nutsewa. Nomau ya cika baho. Ya sa ludayi, ya taso. Ya sa ƙwarya, ta taso. Abin ya yi masa daɗi, ya jefa takalmin Sallar Kande, ya bi shi da hular Alhaji, ya rufe da rediyonsa.

"Baban Lantana, ka kashe ni! Takalmin nawa?"

"Ke gode wa Allah, naki yana sama. Na Yaya ne ya tafi ƙasa."

Alhaji ya tsamo rediyo yana ɗiga, ya ce wallahi yarinyar nan ta gama boko. Nomau ya dubi tsabar idonsa ya ce, "Ko sama da ƙasa za su haɗe, sai ta koma aji. Kuma rediyo nutsewa yake yi. Jiya ba ka sani ba."

To, shekarar nan Alhaji ya sayi firiza, ya girke ta a zaure don masu wucewa su gani. Ya hana matan gida suyar naman layya, ya ce aikin mutanen da ne, a zuba nama a firiza har surukansa su zo bayan Sallah. Malama kuwa ta ba da aikin hutu: a raba nama gida biyu daidai, ɗaya a sa masa gishiri a shanya, ɗaya a rufe, a ga wanda zai riga lalacewa. Tsoka ɗaya take nufi, ko jariri ya san haka. Ban da Nomau.

Da aka yanka rago aka sa a firiza, Alhaji ya fita yawon barka da Sallah. Nomau ya buɗe firiza, ya raba rago sukutum gida biyu, ya mayar da rabi ya rufe. Ɗaya rabin ya yanyanka shi siri-siri, ya ƙarar da gishirin Kande a kai, ya hau soro ya baje a tabarma, ya zauna da sanda yana korar shaho.

Alhaji ya dawo ya ɗaga kai. "Sauko mini da namana!"

"Malama ba ta ce a sauke ba."

"Malama ce ta sayi ragon?"

Nomau ya sunkuya. Ya janye tsani sama.

Ranar aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba har Sallah ta wuce. Da surukai suka iso, Alhaji ya buɗe firiza da isa a gabansu. Ɗoyin da ya fito ya kori kowa har bakin titi. Kande ta aika Lantana soro. Nama ya bushe ƙayau, ta yi miya da shi, baƙi suka ci har da neman ƙari.

Alhaji yana tauna yana gunaguni. "Rago ɗaya ne fa. Me ya hana wannan ruɓa?"

Lantana ta ce, "Baffa, gishiri ne ya zuƙe ruwan jikinsa, rana ta ƙarasa. Ƙwayoyin da suke ruɓar da nama ba sa rayuwa in babu ruwa."

Kande ta ajiye ludayi. "Yaya Alhaji, in ɗauko mata farantin goron?"

Alhaji ya cika bakinsa da nama, ya kau da kai.

Ranar da aka koma makaranta, Lantana ta rataya jakarta ta fita, ba wanda ya tare ta. A bayanta Nomau ne yake tura kura da firiza a kai, ƙudaje suna rakiya, don Malama ta ce kowa ya kawo abin da ya gani.