Yadda Na Taya Nijar Murnar 'Yanci

Lokacin da nake neman auren 'yar Alhaji, wani Bamaraɗe da ke zaune a Ƙofar Durɓi, kullum ina fargabar kada ya ɗauke ni marar hankali. Sai na bincika, na sake bincikawa, na gano cewa a Nijar dashen itace ake yi ranar bikin 'yancin kai, uku ga Agusta. Na ce, in ban yi kuskure ba, ga hanyar shiga zuciyar dattijo.

Ranar da sassafe na isa ƙofar gidansa da ɗan itacen bedi da diga, ban gaya wa kowa ba. Har inda inuwa za ta faɗa sai da na auna. Sara na uku na fasa bututun ruwan layin gaba ɗaya.

Alhaji ya fito, ya dube ni a jiƙe sharkaf, ya gaishe ni a tsanake, har da tambayar mutanen gida. Sannan ya ce, "Malam, mu can itace muke dasawa. Rijiya kuma al'adar Najeriya ce?"

Ya dai ba ni 'yar. Amma duk Agusta sai ya kira ni: "Malam mai rijiya, bana gidan wa za a haƙa?"