Motar Da Ke Kuka A Kwana

Wani ne a wajen Kadawa, manomin rani. Shinkafa ta yi masa kyau bara, ya shiga Kano ya dawo da wata tsohuwar mota ja. Mutumin nan shekararsa ashirin yana fama da injin ban-ruwa, in ka cire tiyo da fartanya ba abin da ya sani. Ranar da ya kawo ta, surukinsa Malam Fatihu ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Allah ya sa alheri. Amma fa mota ba injin ban-ruwa ba ce." Maganar nan ta tsaya wa mutuminku a wuya.

Ba a yi mako ba mota ta fara hali. In ana tafiya a miƙe, lafiya lau. Da ya murɗa sitiyari sai ta saki wani nishi, wiiiii, kamar saniya mai naƙuda. Ga shi ranar Asabar shi zai kai surukin Bunkure, raɗin sunan jikansa. Ya rantse ko ana ha-maza ha-mata tsohon nan ba zai ji kukan nan ba.

Ya tafi Kura, garejin Musbahu bakanike. Musbahu ya buɗe gaban mota, ya cire murfin wani ɗan gwangwani, ya leƙa.

"Murɗa mu ji."

Ya murɗa. Wiiiii.

"Man sitiyari ne ya yi ƙasa, Malam. Tiyon nan yana ɗiga, famfon ya sha iska. A canza tiyo, a zuba mai, a fitar da iskar, shi ke nan."

"Tsaya tukuna. Akwai famfo a cikinta?"

"Shi yake tura man, sitiyari ya yi laushi."

"Kuma iska ya sha?"

"Iska."

Mutuminku ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Musbahu. Famfo ya sha iska, kuma ni zan kawo wa wani? Rufe min motata."

To kun san yadda ake yi a gona. Injin in ya sha iska, murfi ake buɗewa a ɗura masa ruwa har ya kama. Ya faka a bakin kanal, hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ya ɗebo bokiti guda, ya cika gwangwanin nan taf. Ya murɗa. Kukan ya ƙaru, ga kumfa tana tasowa kamar an jiƙa omo.

"Bai kama ba tukuna," in ji shi. Ya ƙara.

Da ya dawo gida matarsa Baraka ta ce, "Malam, jiya kuka take yi, yau kuma na ji kamar kurkure baki take."

"Ke me kika sani a ban-ruwa? Sai ya kwana biyu yana sha."

Safe da yamma yana ba ta ruwa kamar tumatir sabon dashe. Kafin Juma'a, in ya sha kwana a ƙofar gida, shanun Gidaɗo makiyayi da ke can bayan gari sai sun amsa.

Asabar ta zo, kuka na nan. Sai dabara ta faɗo masa. Ragon sunan da ya kamata a sa a but ɗin mota, ya ɗauko shi ya zaunar a kujerar baya. Malam Fatihu ya shiga gaba, babbar riga ta sha guga, ya yi bismilla.

Kwanar farko. Wiiiii.

"Mene ne wannan?"

"Ragon nan ne, Baba. Bai saba da mota ba."

Tsoho ya waiga. Rago na tuƙa abinsa, ko a jikinsa.

Kwana ta biyu. Wiiiii, gurrr.

"Ikon Allah. Shekarata saba'in ina kiwo, ban taɓa jin rago ya yi wannan muryar ba."

"Ɗan Nijar ne, Baba. Haka suke."

"Kuma sai an zo kwana yake yi?"

"Jiri ne ke ɗibarsa."

Malam Fatihu ya ce a tsaya. Ya fita, ya koma baya, ya ɗora kan ragon a cinyarsa, ya sa hannu biyu ya damƙe bakin tam. "Mu je. Ni zan lallashe shi."

Jama'a, ku ji fa. Saura kwana ɗaya tak, wadda ake sha a hau gadar babban kanal. In ya murɗa, asiri ya tonu, don bakin rago na hannun Baba.

"Dama za ka yi," in ji tsoho.

"To, Baba."

"Na ce dama."

"Na ji, Baba."

Ya dubi kwana. Ya dubi suruki ta madubi. Ya dubi kanal, ranar an sako ruwa, ya cika har baki. Ya riƙe sitiyari a miƙe, cikin ladabi, suka gangara.

Masu ban-ruwa suka yar da fartanya suka sheƙo. Suka tarar gaban mota ya nutse, injin ya mutu. Malam Fatihu ya fita ta taga ya haye rufin mota, babbar riga na zubar da ruwa, hula ta kama hanyar Bunkure ita kaɗai, har yanzu bai saki bakin ragon ba.

Mutuminku kuwa yana zaune a mazauninsa, ruwa iya ƙirji. Ya murɗa sitiyari hagu. Shiru. Ya murɗa dama. Shiru. Fuskarsa ta washe, ya leƙo ta taga.

"Baba, ka ji ko? Tsit. Dama na san bakin tiyon ne bai kai ruwa ba."

Tsoho ya matse gemunsa, ya ce, "To idan ta ƙoshi ka tambaye ta, za ta kai mu Bunkure, ko ragon za mu hau?"