Kyankyasai a Firjin Rekiya

"...da gajiyar ɗazu? Ya ibada? Ya Moussa?"

"Lafiya lau duka, yana ciki yana hutawa. Tamimu, gaisuwa uku ke nan ka jera mini a bakin ƙofa, idonka kuma na leƙen bayana. Shigo ko ka koma."

Tamimu ya tuɓe takalmi ya shiga, gumi na bin bayan wuyansa. Daga unguwar Shumaisi zuwa Jaradiya a birnin Riyad ba wata tafiya ba ce, amma yau ya ga nisanta. Direba ne a gidan wani ma'aikacin jakadanci. Mutanen gidan sun tafi hutun wata biyu, sun bar masa amanar ƙadangaren 'yarsu, wani mai gemu da ba ya cin ƙwaro sai mai rai. Shagon da ake sayo masa abinci ya daina kawowa, don haka Tamimu ya nemo irin wasu manyan kyankyasai guda sittin, ya zuba su a baƙar roba da yankakken kiret ɗin ƙwai, ya huhhuda murfin, ya liƙe gefensa, ya ajiye a ɗakinsa don su hayayyafa. Idan suka mutu, ƙadangare zai kwana da yunwa, kuma maigidan ne kafil ɗinsa, wanda ya tsaya masa ya samu izinin zama a ƙasar.

Da hantsi Rekiya, 'yar gwaggonsa, ta biyo ta ɗakinsa da mijinta Moussa daga asibitin da take aikin jinya. Goma ga Muharram ce, ranar da 'yar mace ke karɓar shara a hannun ɗan namiji. Ya ce ba shi da komai. Ya raka su har mota, bai kula da ƙullin da ke ƙarƙashin abayarta ba, sai da ya dawo daga la'asar ya ga gurbin robar.

"Baiwa," in ji shi, yana ƙoƙarin murmushi, "kin ɗauko wani abu nawa."

"Na ɗauko wani abu nawa dai. Tun muna Birnin Kudu kake cinye mini shara. Bana Allah ya kama ka."

"Ba abin da kike zato ba ne."

"Fara ce. Na girgiza na ji. Wa ya kawo maka soyayyar fara har Riyad ka ɓoye ƙarƙashin gado kamar tsohuwa?"

"Kin girgiza?"

"Sau uku. Har da na tabbatarwa."

Tamimu ya nemi kujera ya zauna. Ya san Rekiya. Tana 'yar shekara tara ta taɓa ƙone tabarma sukutum saboda kyankyaso ɗaya ya bi ta kai. In ya faɗi gaskiya kafin robar ta zo hannunsa, maganin ƙwari za ta fara ɗaukowa.

"To, mu yi sulhu. Ba ni robar, in kawo miki dabinon Madina kwali guda."

"Dabino? A Saudiyya? Ka ce za ka kawo mini yashi mana."

"Turare."

"Wanda kake fesawa? Shi ne sauro ba ya shiga ɗakinka."

"Zan kai ki asibiti wata guda, safe da yamma."

"Da tuƙin nan naka? Ni ma'aikaciya nake so in isa, ba majinyaciya ba."

"Ke dai ba ki da kunya. Ubana ne fa ya goyi uwarki."

"Ita kuma ta wanke masa riguna shekara goma. Lada nake karɓa. Ka zauna a sha ruwa, zan san maka guda biyar, ka cire ƙafafu da kanka."

Ya dubi agogo. Saura awa ɗaya da rabi magariba. Ya saurari gidan, ko zai ji ƙaramin motsin nan da ya saba ji a ɗakinsa. Ba komai sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki.

"Ina kika ajiye ta?"

"Inda ɓarawo ba zai gani ba."

"Rekiya, don Allah. Ba a rana ba dai?"

"Ni mahaukaciya ce? A zafin garin nan man zai yi ɗoyi. Tana firji."

Tamimu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Tun yaushe?"

"Tun sha ɗaya. Kai, lafiya? Fuskarka ta koma kamar ta wanda aka ce iƙamarsa ta zaman ƙasa ta ƙare."

"Saura kaɗan ta ƙare. Rekiya, ba fara ba ce. Kyankyasai ne."

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Wannan ƙaryar ko kakarmu ba za ta saya ba."

"Wallahi tallahi. Guda sittin, mata arba'in da biyar. Kiwonsu nake yi, abincin ƙadangaren gidan aikina ne. Ɗumi suke so, sanyi kashe su yake yi."

Dariyar ta tsaya. Tamimu ba ya rantsuwa a wasa, ta sani.

"A firjina?"

"Ke kika sa su."

"Kusa da miyata?"

Bai tsaya amsawa ba, ya wuce kicin. Robar na nan a tsakiya, sanyi ƙalau. Ya ɓare murfin a hankali. Suna kwance a ƙasan kiret, wasu a rigingine, ƙafafu a naɗe. Ya taɓa wata babba da yatsa. Ko gezau.

"Inna lillahi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Shi ke nan."

Rekiya na bakin ƙofar kicin, tsintsiya a hannu ɗaya, gwangwanin maganin ƙwari a ɗayan. Ta dubi bayan wuyansa, ta ga yadda ya sunkuya. Ya ɗauki robar zai nufi baranda.

"Ina za ka?"

"Rana."

"Sakarai. Daga ƙanƙara zuwa wuta? Ko mutum ne ba a yi masa haka. Ajiye nan." Ta jingine tsintsiyar, amma ba ta saki gwangwanin ba. Ta cika gorar roba da ruwan ɗumi, ta naɗe da tawul, ta turo masa da ƙafa. "Jingina a gefe, kada ka ɗora a kai. A hankali ake dawo da jiki."

"Kin taɓa jinyar kyankyaso ne?"

"Na yi jinyar dangin ubanka, duk ɗaya ne."

Suka tsaya. Minti biyar, minti goma. Tamimu na tsugune, yana tsara yadda zai rubuta wa maigida saƙo, kowace jimla ta fi ta baya muni.

"Shekara huɗu a jami'a," in ji Rekiya, muryarta ta yi ƙasa, "ka ƙare makiyayin kyankyasai. In na faɗa a gida, wa zai ba ka mata?"

"Yi shiru."

"Sadaki ma da su za ka biya? Mata arba'in da..."

"Yi shiru, dubi!"

Gashin bakin wata ya motsa. Sai ƙafa ɗaya ta miƙe, ta shuri iska. Babbar ta yi ta fama har ta kife daidai, ta ja jiki ta shige ƙarƙashin kiret. Can wata ta bi ta, sai wata.

"Tana motsi! Alhamdu lillahi, Rekiya, zo ki gani!"

"In na zo Allah ya tsine mini. Rufe! Rufe, na ce!"

Ya rufe yana dariya. Shida ba su tashi ba. Sauran sun isa.

Rekiya ta buɗe firjin ta tsaya tana kallon inda robar ta zauna. Ta jawo leda, ta kwashe duk abin da ke wurin, karas da lemo da rabin kabewa, ta miƙa masa daga nesa da yatsu biyu.

"Ungo. Ba mai cin wannan a gidan nan. Tawul ɗin ma na bar maka."

Tamimu ya leƙa ledar. "Kin san kuwa wannan ne ainihin abincinsu? Kin yi jinya, kin ba da masauki, ga kuma guzuri. Baiwa ta gari."

Ta ɗaga gwangwanin ta saita shi, sai dariya ta ƙwace mata.

"Na yafe sharar bana. Kwashi matanka ka fita, kafin su saba da gidan."