An Tsare Littattafan Baba Alƙali Ba Beli

Jiya na yi wata rakiya, na dawo ina neman maganin ciwon kai. Maƙwabcina, tsohon alƙalin da muke kira Baba Alƙali, shi ya ja ni tsangayar koyon aikin lauya inda ya yi karatu. Bara da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta nemi gudummawa, wasu sun ba da fanka, wasu kujeru, shi kuwa ya kwashe littattafansa na shekara arba'in ya bayar. To 'yata tana aji uku a can, jarrabawa saura mako guda, ta ce masa ko bangon ɗaya ba ta taɓa ba.

Muka sami littattafan a laburare, jere a kabad ɗin gilashi, an garƙame da kwaɗo.

"Ranka ya daɗe, sai an yi bikin ƙaddamarwa," in ji mai kula da laburaren.

"Yaushe ke nan?"

"Sai Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudummawa ya dawo. Ya fita ƙasar waje yi wa masu bayarwa godiya."

"Ni da gidana ke bayan makaranta fa?"

"Ai da na nesa ake farawa, ranka ya daɗe."

Jama'a, ku taya ni jinjina wa wannan bawan Allah. Wata huɗu yana fama a otal saboda mu!

Baba ya ce to a ara masa littafinsa guda ɗaya. Aka ce aro na ɗalibai ne, shi kuwa tsohon ɗalibi ne.

Ya fita ya zauna a kan matakala, ya ce da 'yata da ta biyo mu, "Jikalle, kira 'yan ajinku." Ya shiga karanto musu dokar gado da ka, har da lambar shafi. Kafin la'asar sun fi sittin, 'yata ta cika rabin littafin rubutu, ni kuma ina riƙe da sandarsa ina hamma.

Can sai ga wani mai babbar riga da mai ɗaukar hoto. Na ce shi ke nan, kora ta zo. Ashe hoto za a ɗauka a aika wa Mai Girma, a matsayin sabon shirin da kwamiti ya ƙirƙiro.

Na ja Baba gefe na ce gobe kada ya zo shi kaɗai. Mutanen nan in suka gane yana da amfani, shi ma sai sun ajiye shi har ranar biki.