Yadda Ake Sayen Tsohuwar Motar Alfarma Don Burge Suruki

Kai da surukinka ke amsa gaisuwarka ba tare da ya ɗago kai daga jarida ba, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ya dube ka da kyau.

1. Bar makanike a gida

Me ya sani banda baƙin mai? Zai shige ƙarƙashin motar ya fito yana cewa, "Maigida, giyar nan yoyo take yi." Wa ya tambaye shi? Kai dai shuri taya, ka gyaɗa kai kamar ka gano wani abu.

2. Gode wa dillali

Idan ka taɓa bonet ka ji ɗumi, ya riga ya tayar da ita kafin ka iso, ta gama tarinta da hayaƙinta a bayan idonka. Karamci ke nan.

3. Yarda da tarihinta

Dillali zai ce, "Wallahi ranka ya daɗe, wata tsohuwa ce mai ita, asibiti kawai take zuwa." Kada ka dubi sitiyarin da ya goge har yana sheƙi, ko kujerar direba da ta lotsa. Tsohuwar ce mai jiki. Turaren da aka tula a ciki ma ba don warin ambaliya ba ne. An ce maka ranka ya daɗe, me kuma kake nema?

4. Kada ka ɓare baƙin salatif

Wanda aka manna a kan fitilar gargaɗi ta gaban sitiyari nake nufi. Masu cewa rashin sani ya fi dare duhu ba su san daɗin barci a duhun ba.

5. Nuna kanka

Ka ji surukinka zai bi jirgin safe. Yi wuf ka ce, "Baba, ni zan kai ka." Faka daidai bakin get, ka toshe wa tasa motar hanya. Irin motarka a kan jakunkunan iska take tsaye maimakon sifirin, kuma nata sun tsufa. Kana cikin gida kana gaisuwa iskar za ta sulale, ku fito ku tarar ta zauna daɓas, cikinta a ƙasa. Ba ta gaba, ba ta baya, ba ta turuwa.

Baba zai dubi agogo, ya juya wajen 'yarsa: "Wannan ne kika ce min yana da hankali?" Sai ya hau babur ɗin haya da akwati a cinya.

Gargaɗi: idan jirgi ya tashi babu shi, matarka kuma ta ce za ta zauna a gidansu har Baba ya huce, babu ruwana. Shawara kawai na ba ka, ni a ƙafa nake yawo.