Ranar da Na Ba Wa Layinmu Wuta

Laraba ce da hantsi, jajiberin sunan ɗana, a gidanmu da ke Azare. Matata Binta na nan, da mahaifiyarta Hajiya. Babu wuta, ga kunun ayar baƙi cike da firji.

Na sayo sabon janareto. Binta ta ce in kira mai gyara. Na ce mata lantarki ba tsafi ba ne, waya biyu ce, ɗaya ta kai, ɗaya ta dawo. Na haɗa da kaina, ban sauke makunnin da ke raba gidanmu da layin waje ba.

Wutata ta bi waya ta shiga gidajen mutane, suka ɗauka an kawo. Maman Chika mai shago ta kunna firjinta, Malam Modu tela ya jona dutsen guga. Janareto ya yi gurnani, ya yi hayaƙi, ya mutu. Kafin la'asar kunun ya yi tsami.

Hajiya ta dubi Binta ta ce, "Mijin nan naki akwai kyauta."

Na shanye wannan. Wanda ban shanye ba shi ne zuwan Malam Modu har ƙofata. "Alhaji, wutar taka ba ƙarfi. Rabin riga na goge."

Ko sannu ba wanda ya yi min. Har yau in aka ɗauke wuta, ƙofata ake bugawa a tambayi Manaja yaushe zai kawo.